Maganar Awon Ciki da Akwatinmu: Jawabin Kwamiti a Taron Cika Shekara Goma

 

Iyayenmu mata, uwayen ƙungiya, yayyenmu da ƙannenmu, malamanmu na Islamiyya, malamar asibiti da ta baro aikinta ta zo, da iyayenmu maza da ke zaune can bakin rumfa suna jin mu, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso daga ƙauyuka tun da hantsi, da 'yan uwanmu na Kurfi da Dutsin-Ma, Allah ya ba da ladan zumunci, ya mai da kowa gida lafiya.

Ma'aji ta karanta lissafi, kowa ta ji da kunnenta. Shekara goma ke nan tun da muka fara zubin adashi a tsakar gida ɗaya nan Rawayau, yau ga shi man gyaɗarmu da ƙuli-ƙulinmu suna shiga kasuwanni, akwai injin markaɗe, akwai riba ta rabawa. Alhamdu lillahi. Da aka ce kwamiti ya yi jawabi, mun so mu tsaya a nan, a yi tafi, a ci abinci, a watse. Amma akwai maganar da ta tsaya mana a maƙogwaro tun damina, mun zauna sau biyu a kanta, muka ga in ba mu faɗe ta yau ba, to ba ranar faɗarta.

Ba za mu kira suna ba, kusan duk wadda ke nan ta je gaisuwar. Yarinya ce, matar ɗan ɗaya daga cikinmu, cikin fari. Ta zo mana nan sau da yawa tana taya surukarta ɓarar gyaɗa. Duk mun ga ƙafarta ta kumbura. Daga baya fuska ta cika, zoben hannunta ya ƙi fita. Me muka ce? Cewa muka yi ciki ya karɓe ta, wata ma har da tsokana, wai namiji ne. Ta ce kanta na sara, aka ce rana ce, ta sha magani ta kwanta. Cikin yana wata takwas, ba ta taɓa taka asibiti ba. Daren da jijjiga ta kama ta, ba wanda ya iya fita da mota, kun san halin da hanya take ciki da dare. Sai da gari ya waye aka kai ta babban asibiti, daga can aka ce a wuce Katsina. Ba ta dawo ba, abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba iyayenta da mijinta haƙuri.

Kwana ya ƙare, mun yarda, ba mai ƙara wa wani ko daƙiƙa. Amma ga abin da ya hana kwamiti barci. Wata biyu kafin rasuwar, surukarta ta zo ta nemi ɗan bashi daga akwati. Muka tambaye ta na mene ne, ta sunkuyar da kai ta ce wata 'yar buƙata ce ta gida. Dokarmu ta ce bashi na jari ne kawai, muka ba ta haƙuri. Sai a wurin zaman makoki ta gaya mana kuɗin mota da na gwaji take nema, ta ga yarinyar ba ta yi mata daidai ba, kuma ta ji nauyin ta faɗi a gaban mutane cewa matar ɗanta na da ciki. Mu muka rubuta dokar nan da hannunmu. Shi ya sa yau ba mu zo nuna wa kowa yatsa ba.

Bayan haka mun je mun zauna da malamar asibiti, muka ce ta koya mana kamar 'yan aji ɗaya: wai mene ne ake yi a awon nan da har sai an je da wuri? Ga abin da muka ɗauko, in mun yi kuskure tana nan za ta gyara.

Da can ana cewa mai ciki ta je awo sau huɗu. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a mai da shi sau takwas, kuma zuwan farko ya kasance cikin mako 12 na farko, wato kafin ciki ya wuce wata uku. Sauran suna biyowa a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Binciken lafiyar iyali da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna cikin mata 100 masu ciki, 18 ne kacal suke fara awo a wata ukun farko. Binciken dai ya ce a duk haihuwa 100,000, mata 512 ke rasa ransu. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, har da Legas da Abuja. Mu a nan ba sai an kawo mana takarda ba. A zaman kwamiti mun tambayi kanmu wace ce ta taɓa zuwa awo kafin ciki ya fito, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Abin da muka saba shi ne awon wata bakwai. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu kati muke zuwa yanka, don in naƙuda ta zo da gardama aka kai mu asibiti kada a yi mana faɗa a ce ina katinki. An je sau ɗaya, an karɓo kati, an sa ƙarƙashin katifa, shi ke nan an yi awo. To, abubuwan da ake ba mai ciki kusan duk masu bukatar lokaci ne, in an makara amfaninsu ya ragu.

Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro, wannan ƙwaya uku da ake ba mace ta haɗiye a gaban malama, wadda muka fi sani da Fansidar. Ba a ba da ita a wata ukun farko. Daga mako na 13 ake farawa, sai a riƙa maimaitawa da tazarar wata guda, ana so a samu aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wadda ta zo a wata takwas sau nawa za ta samu? Kuma malama ta ce zazzaɓin nan kan ɓuya a mabiyiya ya riƙa cin jinin uwa yana tauye ɗa, ita uwar ba ta ma ji zafin jiki ba. Mu da sauro ke sha daga tsakiyar damina har kaka, ga kududdufai ga gonaki har bakin katanga, wannan magana tamu ce. A zuwan farko ne kuma ake ba da gidan sauro in akwai shi.

Haka maganin ƙarin jini. Jini ba ya ƙaruwa a kwana uku, sai an yi makonni ana sha kullum. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita ba za ta jure ba. Mun san abin da ake faɗa a ɗakuna, wai ƙwayoyin nan suna sa ɗa ya yi ƙato ya ƙi fita. Mun tambaya, malama ta yi dariya ta ce jinin uwa suke gyarawa, kuma ƙaramar ƙwayar nan ta folik asid tana kare ƙashin baya da kan jariri ne tun a makonnin farko, lokacin da mace ma ba ta gama tabbatar da ta ɗauka ba. In bayan gida ya yi baƙi kada a tsorata, aikin maganin ne. A daina kora shi da shayi, shayi na hana jiki ɗaukarsa. Zogale da wake da alayyafo da 'yar hanta in an samu, duk suna taimakawa, amma ba su ɗauke wa mace shan maganin ba.

Allurar tetanus, ciwon nan da ke sandarar da jariri ya kasa kama nono, ita ma biyu ce ga mai farawa, tsakaninsu mako huɗu, kuma ta biyun ana so a yi ta aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Akwai gwajin jini da na fitsari, akwai hoton ciki da ake so a yi kafin mako 24, a san kwanakin cikin, a san ko tagwaye ne.

Sai babbar, wadda ta ɗauke mana yarinyarmu. Hawan jinin masu ciki yakan taso ne bayan mako 20, kuma ya fi kama mai cikin fari. Sau da yawa ba ya ciwo sai ya yi nisa. Abin da ke gano shi wannan ƙyallen ne da ake ɗaura wa a dantse a hura, minti biyu an gama. In ya kai 140 bisa 90, an san akwai magana, a duba fitsari, a ba da magani, a sa ido, in ta kama a ce ta haihu a babban asibiti inda akwai allurar da ke hana jijjiga. Alamominsa na waje su ne waɗanda muka gani muka yi wa dariya: kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Iyayenmu, don Allah daga yau in kun ga fuskar mai ciki ta cika, kada a ce ƙiba ce.

To me ke hana mu zuwa da wuri? A rediyo kullum cewa ake jahilci ne. Mu ba mu yarda ba. Ba macen da ke zaune a rumfar nan da ba ta san akwai awo ba.

Na farko kunya ce, kuma ita za mu fi daɗewa a kai don a hannunmu take. Yarinya mai cikin fari wa za ta gaya wa? Uwarta tana kunyarta, balle in 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa. Uwar miji ba a haɗa ido da ita. Mijin yaro ne shi ma, in ta gaya masa sai ya rasa bakin da zai kai maganar gaban tsohuwarsa. Sai kowa ya sani, kowa ya yi kamar bai sani ba, ana jiran zane ya tona. Ga tsoron baki da maita, ga kishiya, ga gudun kada a faɗa ciki ya zube a sha surutu. Wata kuma goyo ne a bayanta, ɗan bai isa yaye ba, tana jin kunyar a ce ta yi kwanika, sai ta ɓoye har wata shida. Ranar awo kuwa rana ce sananniya, duk wadda aka gani ta nufi asibiti da safiyar ranar, gari ya gama ji kafin azahar. Mu ba mu ce a zubar da kunya ba, da ita aka raine mu, da ita muke rainon ɗiyanmu. Amma kunyar da za ta sa uwa ta kalli kumburin ɗiyarta ta kau da kai, ya kamata mu zauna mu sake duba ta.

Kuma mu manya muna da namu. Sau nawa muka ce, mu da muka haifi goma a bayan ɗaki wane awo muka yi? Gaskiya ne mun haifa. Amma kowace ta ƙirga sa'o'inta da aka yi musu aure shekara ɗaya, ta ga nawa ne suka tafi wurin haihuwa. Su ba su nan balle su ba da nasu labarin. Wasu kuma suna nan da rai, amma doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, sai da aka kai su Babbar Ruga a Katsina aka yi musu aiki. Ungozomominmu muna girmama su, sun karɓi yawancin waɗanda ke zaune a nan, sai dai hannu ba ya auna hawan jini. Al'adar goyon ciki ma tana da nata: yarinya ta fara awo a garin miji, a wata bakwai a mai da ta gidan iyaye, kati ya tsaya can cikin kwalla, awo ya yanke.

Sai kuɗi. Ko inda aka ce awo kyauta ne, mota ba kyauta ba ce. Akwai gwajin da za a ce a je waje a yi, akwai hoto, akwai maganin da ya ƙare sai an saya a kemis. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mashin daga ƙauye ya zama abin da sai an yi shawara. Ga wani kuɗin da ba a lissafawa: ranar awo ranar sana'a ce ta tafi. Mai tuyar awara in ta bi layi tun safe har azahar, ranar ba ciniki, ga yara ba mai dubawa, ga abincin 'yan gona in damina ce. Mace tana jin lafiyarta lau, sai ta ga wace wauta ce za ta kashe kuɗin cefane a je a ce mata lafiya lau.

Iyayenmu maza, kun ji mun yi ta kanmu, saura ku kaɗan, a yi mana afuwa. Mace ba ta fita sai da izini, mun yarda da haka. Amma da kaka ta wuce, rabin mazan garin nan sun tafi cin rani, wani Kano, wani Abuja, wani Legas. Mace ta ga alama, mai ba da izini yana nisan kwana guda, waya ba kati ko ba sabis. Kun tuna watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro, har da Kurfi da Dutsin-Ma? Wata da watanni mace ba ta da hanyar jin muryar mijinta. Roƙonmu ɗaya ne: kafin ka sa ƙafa a mota, ka bar izini a buɗe, ka faɗa a gaban mahaifiyarka ko wanka, cewa in maganar asibiti ce ta tafi ba sai an neme ka ba. Malamanmu sun sha gaya mana neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, muna roƙon su ƙara faɗa a masallaci inda maza ke ji.

Maganar hanya da tsaro ba za mu ja ta ba, kowa ya san inda take yi masa ciwo. Abin da kawai za mu ce, tunda dare ba namu ba ne, to a yi amfani da rana. Macen da aka gano matsalarta a awo, ana iya kai ta kusa da babban asibiti a Kurfi ko Dutsin-Ma ta zauna wurin dangi kafin naƙuda, ba sai an tashi neman mota ƙarfe biyun dare ba.

Malama, ke ma ga naki, kin ce mu faɗa. Akwai waɗanda suka je wani asibiti da ciki wata biyu aka ce su koma sai ya yi motsi. Akwai wadda aka daka wa tsawa a gaban mutane don ta zo da goyo ga ciki, ta rantse ba ta ƙara komawa, kuma ba ta koma ba. Akwai wadda ta je ta tarar namiji ne ke duba mata ta juyo. Mun san ku kaɗan ne, mun ga mutum ɗaya tana awo tana karɓar haihuwa tana rubuta kati. Amma kalma ɗaya mai zafi tana korar mata goma, don wadda aka yi wa sai ta ba da labari a gidan suna. Ki kai mana wannan saƙo gaba.

Yanzu ga abin da kwamiti ya kawo, ku za ku yanke.

Muna so a buɗe asusun awo a cikin akwati, dabam da na jari. A ɗebi wani kaso daga ribar bana a zuba a fara da shi, sannan kowace ta ƙara naira ɗari a kan zubinta. Duk 'yar ƙungiya, ko ɗiyarta, ko matar ɗanta, in ta samu ciki, za a ba ta bashin kuɗin mota da gwaji ba tare da ko kwabo a kai ba, a biya a hankali bayan suna. Wadda ta fara awo kafin ciki ya wuce wata uku, kuɗin motar zuwan farko kyauta ne, ba bashi ba.

Ba a gaban taro za a nema ba. Za mu zaɓi dattijai mata biyu masu riƙe sirri, ɗaya a cikin gari ɗaya ta ƙauyuka. A raɗa musu a kunne, su karɓo kuɗin wurin ma'aji, a littafi lamba za a rubuta ba suna ba. In yarinya ce mai jin nauyi, ɗayarsu ta raka ta, duk wanda ya gan su ya ɗauka unguwa za su. Malama ta ce mai zuwan farko in ta zo ba ranar awo ba za ta duba ta, mun gode. Ranar da 'yar ƙungiya ta tafi awo kuma, 'yan rukuninta su riƙe mata yara da kaskon tuya, kamar yadda muke yi in an yi rasuwa ko biki. Za mu kuma nemi shugabannin direbobi na tasha, don ƙungiyarsu ta NURTW ta taɓa yin tsarin direbobin sa kai masu ɗaukar mata masu naƙuda a jihohin Arewa har da Katsina, mu ji ko za a samu mutum biyu da za mu riƙe lambarsu.

Ba duka kwamiti ne ya yarda da farko ba, kuma gara ku ji dalilan. Ma'aji ta ce bashin da ba na sana'a ba shi ne ba ya dawowa, ta ga ƙungiyoyin da irin wannan tausayi ya karya. Tana da gaskiya, shi ya sa muka ce asusun dabam, in ya ƙare ya ƙare, ba a taɓa jari. Wata ta ce wannan ai nauyin miji ne, in muka ɗauka sai maza su miƙe ƙafa. Ita ma tana da gaskiya. Amsarmu ita ce bashin na gidan ne, dattijuwar za ta sanar da mijin a asirce, shi zai biya. Amma ba za mu bar yarinya ta zauna da kumburi muna jiran a gama gardamar wa ya kamata ya biya ba. Wata kuma ta ce ita ta gama haihuwa, don me za a rage mata riba? Ba mu ba ta amsa ba, surukar marigayiyar ce ta ɗago kai ta dube ta, maganar ta mutu a nan.

Ribar da za ku karɓa yau za ta ragu kaɗan in kun amince, ba za mu ɓoye muku ba, ma'aji za ta faɗi nawa ne a kan kowace kafin a ɗaga hannu. In an ƙi, ba rigima, za a raba yadda aka saba, mu sake kawo maganar baɗi.

Bayan an ci abinci malama za ta zauna a ɗakin injin da abin awon jininta, mun share mata wuri mun sa labule. Duk mai so ta shiga, mai ciki da marar ciki, tsohuwa da yarinya, don kada a gane wace ce ta shiga don me. Mu 'yan kwamiti mu za mu fara shiga. Ƙuri'a kuma sai bayan la'asar, kada kowa ta tafi.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.